Bin Sawun Kuɗin Baƙo Daga Kigali Zuwa Kinigi

Tun farkon zangon karatu malamin da ke koyar da mu tattalin arzikin yawon buɗe ido ya gaya mana cewa jarrabawar takarda kaɗai ba za ta fitar da mu ba, sai mun fita mun gani da idonmu. Ruwanda ya zaɓa mana. Ƙasa ce da ba ta da man fetur, ba ta kuma da gaɓar teku, faɗinta murabba'in kilomita 26,338, ba ta kai ko girman jihar Bauchi ba, amma a 2023 masu ziyara sun shigar mata da dala miliyan 620. Aikin da ya ba mu guda ɗaya ne. Kowa ya riƙe ɗan littafi, ya bi kuɗin baƙo tun daga lokacin da suka fita daga aljihunsa har zuwa hannun da suka kwana a ciki. Ya ce mu fara da namu kuɗin, ko ruwan sha mutum ya saya ya rubuta, ya kuma rubuta wa ya miƙa wa.

Daga Abuja muka tashi cikin watan Nuwamba, muka yada zango a Adis Ababa. Kafin ranar kowa ya sha fama wajen haɗa guzuri, ga fasfo, ga katin rigakafin zazzaɓin shawara, ga canjin dala. Tikitin jirgi shi ya haɗiye fiye da rabin abin da na tara. Muna zaune a filin jirgin Bole muna jiran jirgi na biyu, Malam ya ce mu buɗe littattafanmu, sannan ya tambaya: "Kuɗin da kuka kashe zuwa yanzu, nawa ne ya shiga Ruwanda?" Ko sisi. Kaso mafi tsoka na tafiyar ya riga ya faɗa asusun kamfanin jirgin Habasha alhali ba mu ko taka ƙasar da za mu ba. A nan na gane abin da ya sa Ruwanda ta nace sai ta riƙe kamfanin jirginta, RwandAir, ta kuma shiga yarjejeniya da kamfanin jirgin Katar a 2019 don gina sabon filin jirgi a Bugesera. Duk wanda ya ɗauko baƙo shi ke fara cin kuɗinsa.

A Kigali ba mu daɗe a layi ba. Jami'in shige da fice ya duba fasfo, ya tambayi masaukina da ranar komawa, ya buga hatimi. Ɗan Afirka ba ya biyan kuɗin biza idan zamansa ba zai wuce kwana 30 ba. Abin da ya ɗan tsayar da mu leda ce, don tun 2008 aka haramta ta a ƙasar. Wata 'yar ajinmu ta ɗaure takalmanta a cikin leda, wani ma'aikaci ya nuna mata cikin ladabi ta cire ta bar ta a nan.

Unguwar Nyamirambo muka sauka, inda Musulmin birnin suka fi yawa. Musulmi tsiraru ne a ƙasar, naman alade kuma ba ɓoyayyen abu ba ne a gidajen abinci, shi ya sa samun masauki kusa da masallaci ya kwantar mana da hankali. Da yamma muna fita Biryogo, wani layi da aka hana motoci shiga, aka yi wa ƙasa fenti kala-kala aka jera kujeru, mu sha shayi mai citta da gurasarsu da suke kira capati, wani lokaci da tsiren akuya. Akwai kuma shagunan da madara kawai suke sayarwa, mai zafi ko mai tsami irin kindirmo. Zirga-zirga kuwa a kan acaɓa muka yi ta. Kowane ɗan acaɓa da rigarsa mai lamba da hular kwano biyu, tasa da ta fasinja, kuma mutum ɗaya rak yake ɗauka.

Washegari muka je Gisozi, wurin tunawa da kisan ƙare dangi na 1994, inda aka binne mutum sama da 250,000. Ba a karɓar kuɗin shiga, sai abin da mutum ya ga damar sakawa. Akwai ɗakin da hotunan yara ne kawai, a ƙarƙashin kowane hoto an rubuta shekarun yaron da abincin da ya fi so da yadda aka kashe shi. Ban iya kai wa ƙarshen ɗakin ba, na fito na zauna a lambu. Ba wanda ya ciro littafi a wurin, Malam ma bai ce uffan ba. Sai da dare ya tuna mana cewa gandun da za mu ziyarta a arewa ya kasance fagen daga, sai a 1999 aka sake buɗe shi ga baƙi. Ya ce a wannan sana'a zaman lafiya shi ne jarin farko, domin mai buɗe ido ba dole ce ta kawo shi ba, da ya ji ƙishin-ƙishin ɗin tashin hankali zai juya kuɗinsa wata ƙasar.

Mun leƙa babban zauren taro na Kigali da aka buɗe a 2016, mai rufi kamar ɗakin sarakunan ƙasar na da. Dabarar a bayyane take: mai zuwa taro yana kwana a otal ko ana ruwa ko ana rana, kuma sau da yawa ma'aikatarsa ce ke biya. A bakin zauren gardama ta kaure tsakaninmu kan kuɗin da ƙasar ta fara ba Arsenal a 2018 don a rubuta sunanta a hannun rigar 'yan wasa. Wasu suka ce ƙasar da ke karɓar tallafi ba ta da hurumin kai wa ƙungiyar masu kuɗi miliyoyi. Ni ina ganin talla jari ne kamar kowane jari, sai dai aunawa ke da wuya, don ba yadda za a yi ka ware baƙon da rigar ta jawo da wanda da ma zai zo.

Daga tashar Nyabugogo muka shiga bas zuwa Musanze, tafiyar da ba ta kai awa uku ba. Motar na tashi ne da lokacinta, ko ta cika ko ba ta cika ba, kuma an sa mata na'urar da ke hana ta wuce gudun kilomita 60 a awa. 'Yan sanda na tsaye nan da can a gefen titi. Sau ɗaya suka tsayar da mu, suka duba takardun direba, muka wuce. Hanyar duk hawa ce da kwana, ba ka rabuwa da tsauni sai ka shiga wani, kuma kowane tsauni an nome shi tun daga gindi har ƙoli, ayaba da wake da masara da bishiyar turare. Abin da ya fi ɗaukar hankalina masu kekuna ne. Za ka ga saurayi ya ɗaure buhunan dankalin turawa uku a keke, yana turawa a hawa gumi na zuba, in ya kai gangara ya haye ya sako kamar iska.

Musanze na da tsayin kusan mita 1,850 daga teku, a gindin duwatsu masu aman wuta guda biyar, mafi tsayinsu Karisimbi mai mita 4,507. Mun isa ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Sanyin garin mai ratsa ƙashi ne, alwalar asuba sai da muka yi da gaske. Wani ƙaramin gidan baƙi muka kama, mu biyu-biyu a ɗaki, mallakar wata dattijuwa da ke jin Ingilishi kaɗan-kaɗan. Da muka zauna hira na ce mata, "Mama, ya muka samu ɗaki da araha haka?" Ta yi dariya ta ce ai damina ce. Daga Yuni zuwa Satumba ba ta da gado ko ɗaya da ke kwana babu mutum, sai kuma Disamba zuwa Fabrairu. Sauran watanni tana rage ma'aikata, ta rage farashi, ta jira. Abin da muke zanawa a allo ke nan muna kiransa hawa da saukar kasuwa, sai ga shi a bakin mai shi. Ɗakin da bai samu baƙo daren jiya ba, kuɗin wannan daren ya tafi ke nan har abada, ba kamar buhun hatsi ba da za ka ajiye ka sayar gobe. Ta kuma ba mu labarin shekarar korona, yadda garin ya mutu murus. Alƙaluman ƙasar ma sun nuna haka, daga dala miliyan 498 a 2019 kuɗin shiga ya faɗi ƙasa da kashi ɗaya cikin uku a 2020.

Tun da duku-duku muka nufi Kinigi, ofishin gandun dajin duwatsun, inda masu zuwa kallon gwaggon biri ke taruwa da ƙarfe bakwai. Mu kallon masu kallo muka je yi. Tikitin baƙon da ya zo daga wajen nahiyar dala 1,500 ne, an yi wa 'yan Afirka rangwame, amma ko shi ya fi ƙarfin ɗalibi. Manyan motocin shiga daji suka yi ta shigowa ɗaya bayan ɗaya, akasarin fasinjojin Turawa ne masu furfura, da takalman hawa dutse da kyamarori masu dogon baki. Ana ba su kofi, ma'aikata na zagayawa da takarda suna duba shekaru da ƙarfin jikin kowa, suna raba su takwas-takwas. Kowane rukuni iyalin biri ɗaya zai gani, sau ɗaya a rana, na awa ɗaya cif. Ba a barin wanda bai kai shekara 15 ba, mai mura kuma sai dai ya haƙura, domin cutar mutum na kama waɗannan dabbobi.

Na tsaya a gefe na yi lissafi. Iyali 12 aka ware wa baƙi, takwas sau 12 ya ba da tikiti 96. In duk aka sayar da su a cikakken farashi, dala 144,000 ke nan a wannan ɗan fili kafin hantsi. Ba kullum ake cikawa ba, amma lissafin ya sa na fahimci abin da aka yi a 2017, lokacin da dare ɗaya aka ninka farashin daga dala 750. Hajar ba ta ƙaruwa da son mai sayarwa. Ƙidayar da aka bayyana a 2019 ta nuna irin wannan biri 1,063 ne suka rage a duniya baki ɗaya, a Ruwanda da Uganda da Kwango kaɗai. In ka tura musu mutane da yawa za su kamu da ciwo ko su guje, ka rasa jarin gaba ɗaya. Wanda ba zai iya ƙara yawan kaya ba kuwa farashi kawai ya rage masa, kuma da an ninka, ko rabin baƙin ne suka janye kuɗin shiga bai ragu ba. Uganda na sayar da nata dala 800, masu lissafin aljihu can suke tsallakawa, Ruwanda kuma ta zaɓi ta riƙe 'yan kaɗan masu kashe da yawa. A takarda dabarar ta burge ni. Amma na tuna dattijuwar masaukinmu, domin wanda ya biya dala 1,500 don awa ɗaya ba zai kwana a gidanta ba, wanda zai kwana ɗin shi ne tsadar ta kora.

Da motocin suka watse muka bi ɗaya zuwa bakin gonaki, inda ake fara tafiyar ƙafa. A nan 'yan dako ke jira, maza da mata, cikin shuɗin kaya da takalman roba, kowa da sanda. Suna da ƙungiya, layi suke bi, wanda ya yi aiki yau sai ya jira zagayowarsa. Ladan ɗaukar jaka da riƙe hannun baƙo a santsi daga dala 10 yake farawa. Ta bakin ɗalibin garin da ke mana tafinta na yi magana da wani dattijo a cikinsu. Na ce, "Baba, kafin wannan aiki me kake yi?" Bai ɓoye ba, ya ce tarko yake ɗanawa a dajin don kama gada, kamar yadda mahaifinsa ya yi, wani lokaci tarkon ya kama hannun ɗan biri. Ya nuna mini tafin hannunsa da ya yi kanta, ya ce yanzu in ya ga tarko shi ke fara cire shi, don abincin 'ya'yansa na cikin dajin yana yawo da ransa. Dala 10 a gefen 1,500 ba komai ba ce, amma ita ce kuɗin da na gani da idona ta fita daga hannun baƙo ta shiga hannun ɗan ƙauye ba tare da ta bi ta ofis ba.

Muka taka har iyakar gandun. Katangar duwatsu ce baƙaƙe da aka jera da hannu, tsayinta bai wuce ƙirji ba, ta yi tafiyar kilomita sama da 70. Ɗaya gefen gora da duhun daji, ɗaya gefen kunyoyin dankali da wani farin fure da ake haɗa maganin ƙwari da shi, ba ko taku biyar tsakani. Wata mata na cire ciyawa a gonarta da goyo a bayanta. Ta nuna mana inda ɓauna ta rusa katangar cikin dare ta tattake mata dankali. Tsarin ƙasar ya tanadi kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandun daji don al'ummomin da ke kewaye, da kashi 5 ne tun 2005, aka ninka a 2017. Akwai kuma wani kashi 5 da ke zuwa asusun biyan diyyar ɓarnar namun daji. Mun ga ajujuwa da tankunan ruwa da aka ce da kuɗin aka gina. Na tambaye ta ko tana amfana. Ta ce 'yarta na karatu a ajin, ruwa ma ya matso kusa, amma aji na kowa ne, dankalin da aka tattake nata ne ita kaɗai, kuma kafin a zo a auna a cike takarda a biya, yunwa ba ta jira. Maganar nan ta tsaya mini a rai fiye da duk wata lakca. Ga shi kuma akwai shirin faɗaɗa gandun da kusan kashi ɗaya cikin huɗu saboda biran sun ƙaru, abin da ke nufin tayar da iyalai daga ƙasa mai albarkar noma. Ribar da za a samu ana iya lissafa ta da dala, amma wanda aka raba da gonar kakansa, ban san ma'aunin da zai auna nasa rashin daidai ba.

Da rana muka ziyarci cibiyar da aka buɗe a 2022 ta asusun Dian Fossey, Ba'amurkiyar da ta kafa sansanin binciken gwaggon biri na Karisoke a 1967, aka kashe ta a can a 1985. Daga nan muka raba kanmu, wasu kasuwa, wasu otal-otal. Ni kasuwar Musanze na shiga, na yi ta tambayar masu kayan miya da ƙwai da dankali ko suna kai wa masaukan baƙi. Wasu sun ce e, akwai masu zuwa da mota su ɗiba. Waɗanda suka je manyan masaukai suka dawo da nasu labarin. Akwai inda kwana ɗaya ya fi kuɗin tikitin birin, masu gadi da masu shara da masu girki 'yan yankin ne, ganye da dankali na gida ne. Sai dai kamfanonin da ke gudanar da su na waje ne, baƙo tun yana ƙasarsa ya biya dillali, dillali ya cire nasa, abin sha da wasu kayan ɗaki daga waje ake shigo da su, riba kuma ta koma inda jari ya fito. Kuɗin baƙo kamar ruwa ne a randa mai tsaga, yawan abin da ka zuba ba shi ne abin da za ka sha ba. Wani masauki ɗaya ya bambanta, wanda ke gindin dutsen Sabyinyo. Ginin mallakar ƙungiyar al'ummar yankin ne mai suna SACOLA, kamfani ya karɓi haya yana gudanarwa, ita kuma tana samun kaso a kan kowane baƙon da ya kwana. A ganina wannan ya fi kashi 10 ɗin ƙarfi, domin kyauta ana iya rage ta ko a jinkirta ta, mai gida kuwa dole a biya shi haya.

Daren ƙarshe a Musanze muka haɗu a falon dattijuwar, ta kawo mana dafaffen dankali da wake da wani man barkono da ake ɗigawa ɗigo biyu kawai. Kowa ya karanto littafinsa. In aka cire kuɗin jirgi, kusan duk abin da muka kashe a hannun 'yan ƙasa ya tsaya, daga ɗan acaɓa zuwa mai shayi zuwa mai masauki. Wani ya ce ashe ƙaramin baƙo ya fi amfani. Malam ya girgiza kai ya ce ya sake lissafi, kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin attajiri ɗaya zai iya fin namu duka in aka haɗa, kuma shi gado ɗaya ya kwana, mota ɗaya ya shiga. Wata ta ce to amma namu hannu nawa ya ratsa, nasa hannu nawa? Aka yi ta kai-komo har sha biyun dare ba a tsayar da magana ba. Ni dai na karkata ga cewa ƙasa na buƙatar duka biyun, babban baƙo ya riƙe gandun da albashin masu gadinsa, ƙarami ya riƙe gari.

Duk tsawon tafiyar Yankari na raina. Murabba'in kilomita 2,244 ne, ya ninka gandun Kinigi mai kilomita 160 sau 14, ga giwaye, ga ruwan Wikki da ɗuminsa ba ya sauyawa rani da damina, kuma tun 1962 aka buɗe shi ga jama'a. Ga marinar Ƙofar Mata, ga kamun kifin Argungu, ga hawan salla na Kano da UNESCO ta sanya cikin kayan gadon duniya a 2024. Abin kallo ba shi muka rasa ba. Mun kuma san wannan harka ta ɗaya fuskar, don duk shekara dubban mutanenmu na zuwa Hajji da Umara, suna biyan jirgi da masauki da abinci da tsaraba, kuma a littafin tattalin arzikin Saudiyya wannan kuɗi kaya ne ta sayar wa waje ba tare da ta loda komai a jirgin ruwa ba. Abin da na ga Ruwanda ta yi shi ne ta zauna ta ƙirga: baƙo nawa wurin zai ɗauka, nawa zai biya, nawa zai koma ƙauye, wa zai biya in dabba ta yi ɓarna. Amsoshin ba duka suka gamsar da ni ba, matar nan ta bakin katanga shaida ce, amma akwai lambar da za a riƙe hukuma da ita.

A dawowa mun sake kwana a Nyamirambo. A ƙofar filin jirgin Kigali aka sauke mu daga mota, aka jera jakunkuna a ƙasa karnuka suka shinshina, sannan muka shiga, muka biyo ta Adis Ababa zuwa Abuja. Satin da ya biyo baya na kai wa Malam taken binciken da zan kammala digiri da shi, bin kuɗin baƙon Yankari zuwa ƙauyukan da ke kewaye da shi. Ya amince, da sharaɗin in fara da manoman da giwaye ke shiga gonakinsu kafin in je wurin masu masauki. Na riga na mayar da takardar tambayoyin da muka yi aiki da ita a Kinigi zuwa Hausa, da rani zan tafi, lokacin da namun daji ke taruwa a bakin kogin Gaji baƙi su fi yawa, kuma daga ƙauyen Mainamaji zan fara.